Alhaji Umaru Salga (1858–1934): Rayuwarsa da Shaidar Kaurin Alƙalami

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salga ko Imam Umaru, ta fuskar sana'ar alƙalami. An saba nazarinsa a matsayin mawaƙi kuma marubucin tarihi, amma hanyar da waƙoƙin da tarihin suka iso gare mu ita ce rubutun hannu, nasa da na almajiransa. Maƙalar ta bayyana yadda kaurin rubutun da aka gada a makarantun allo na Kano yake samuwa, da irin shaidar da yake bayarwa game da makarantar marubuci da kayan aikinsa da manufar rubutunsa, sannan ta nuna dalilin da ya sa rarrabe hannun mawallafi da na masu juyar littattafansa ya zama wajibi ga mai nazarin tarihin harshen Hausa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar tsohon alaramma a ƙasar Hausa ya san abin da ido ke fara cin karo da shi: baƙaƙe masu kauri, cike da tawada, sun zauna daram a kan layi, wasulla ja sun kewaye su. Baƙon ido yakan ɗauki wannan kauri a matsayin rashin ƙwarewa. A shekarar 1886 masanin Larabci Bafaranshe, Octave Houdas, ya kasa rubutun Magrib gida huɗu, ya kira na ƙasashen baƙar fata da sunan Sudani, ya siffanta shi da nauyin layuka, ya kuma ajiye shi ƙasa da sauran ta fuskar kyau. A daidai lokacin da ake yanke wannan hukunci a Faransa, wani malami Bakano mai shekara ashirin da takwas yana yawon neman ilimi da fatauci da alƙalaminsa a aljihu, kuma rubutun da zai bari a baya zai zama ɗaya daga cikin manyan taskokin zuben Hausa na farko. Rayuwar wannan malami ita ce za ta zame mana madubin duba abin da kaurin alƙalami yake nufi.

2.0 Asalinsa da Karatunsa

An haifi Umaru a birnin Kano wajen shekarar 1858. Cikakken sunansa kamar yadda ya zo a rubuce-rubucen Larabci shi ne Umar ɗan Abubakar ɗan Usman, ana kuma jingina shi ga wurare uku: Kabi, inda kakanninsa suka fito, da Kano, inda aka haife shi, da Salga ta ƙasar Gwanja, inda ya yi suna. Mahaifinsa malami ne kuma falke, yana cikin masu safarar goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa.

Kamar kowane yaro na gidan malamai, a kan allo ya fara. Tsarin makarantar allo yana da muhimmanci ga batunmu, domin yaro yana koyon surar harafi tun kafin ya san ma'anar kalma. A matakin babbaƙu ana koya masa haruffa da sunayen da ke bayyana siffarsu, irin su lam-jaye da nun-ara da ha-kuri da ɗa mai hannu, sannan a matakin farfaru a shigo da wasulla. Ke nan almajiri yana tashi da ƙamus na siffanta harafi a bakinsa: ya san wanda aka ja, da wanda aka buɗe, da wanda aka ɗora wa hannu. Daga baya, idan ya fara rubuta allonsa da kansa, hannun malaminsa yake kwaikwaya, malamin kuma yana gyara masa har sai hannun ya zauna. Bayan ya sauke Alƙur'ani a Kano, Umaru ya shiga karatun littattafai, neman ilimi kuma ya kai shi yankunan yamma na ƙasar Hausa, wajen Sakkwato da Gwandu da Kabi.

3.0 Yadda Kaurin Rubutu ke Samuwa

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su haifar da kaurin da ake gani a rubutun wannan yanki. Na farko shi ne alƙalami. Ana feƙe shi daga kara ko gamba, a yanke bakinsa da faɗi, a tsaga tsakiyarsa don ya riƙe tawada. Faɗin bakin da karkatar yankan su ne ke tsara inda layi zai yi kauri da inda zai sirance. Na biyu ita ce tawada. Wadda ake rubuta allo da ita ta gawayi ce da ƙaro, mai saurin wankuwa, ita kuwa ta takarda akan dafa ta da bagaruwa da abin da ke ɗauke da ƙarfe, don ta kama ta daɗe. Ƙaro yana ba tawada danƙo, ta zauna a saman takarda maimakon ta bazu. Na uku ita ce takarda. Mafi yawan wadda aka yi amfani da ita a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus da Alƙahira, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske, kuma da yawa daga cikinta ta masana'antar iyalan Galvani ce.

Bayan kayan aiki akwai gado. Rubutun Alƙur'ani na wannan yanki yana bin ƙa'idar Magrib, inda ake ɗiga wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, tare da ruwayar Warshu. A shekarar 1960 A. D. H. Bivar ya bayyana wani Alƙur'ani na Barno wanda tafsirin da ke gefensa ke ɗauke da shekarar 1669, abin da ya tabbatar da cewa wannan salo mai kauri da kusurwoyi ya kafu tun fiye da ƙarni ɗaya kafin jihadin Shehu Usmanu. Nazarin Andrea Brigaglia da Mauro Nobili na baya-bayan nan ya nuna cewa salon da ake kira Kanawi reshe ne na wannan salo na Barno. Saboda haka kaurin ƙa'ida ce da ake koyarwa, kuma yana da amfani a fili: babban baƙi yana ba wasali ja da ɗigon hamza rawaya wurin zama ba tare da cakuɗewa ba, yana kuma karantuwa da dare a gaban wutar kiskadi.

Wannan ya shafi Ajami kai tsaye. Larabcin littattafan ilimi da na wasiƙu akan rubuta shi da sauri, da siririn hannu, sau da yawa ba wasali. Hausa kuwa ba ta karantuwa yadda ya kamata sai da wasulla, har ma ɗigon imala da ake nuna wasalin e da shi daga rubutun Warshu aka aro shi. Don haka Ajamin Hausa ya fi kusa da hannun Alƙur'ani, ya gaji girmansa da nauyinsa. Malami ɗaya yana iya mallakar hannu biyu, kowanne da aikinsa.

4.0 Fatauci, Wasiƙa da Zaman Salga

Hanyar goro ita ce ta fitar da Umaru daga ƙasar Hausa. Ayarin fatake yakan kwashe watanni tsakanin Kano da Salga, yana ɗauke da tufafi da kanwa da fatu da dabbobi, a wancan zamani har da bayi, ya komo da goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Irin wannan ciniki na nesa ba ya tafiya sai da takarda. Madugu yana bukatar wasiƙa zuwa ga fatoma, mai bin bashi yana bukatar shaida, wanda aka yi wa rasuwa a wata ƙasa yana jiran ta'aziyya. Ba mamaki ke nan da littafin da Umaru ya fara wallafawa, a shekarar 1877 yana ɗan kimanin shekara ashirin, ya kasance kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, wato Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wanda ya tara samfurorin wasiƙu na bukatu dabam-dabam. Littafin ya yaɗu a zangunan Hausawa ta hanyar juya, wannan ya kwafa daga wancan.

Ya tare a Salga wajen shekarar 1892, a lokacin da garin ya riga ya fara ja da baya. Tun 1874, da Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salga ya yanke, cinikin goro ya fara karkata zuwa wasu kasuwanni. A ƙarshen 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, Kabacewura Isifa ya yi galaba, aka washe Salga, fatake da malamai suka watse. Umaru ya ga wannan da idonsa, ya kuma rubuta shi daga baya a waƙarsa ta Larabci Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan. A Salga ne kuma ya san Bajamushen nan mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, suka yi aiki tare kan harshen Hausa.

5.0 Kete-Karaci da Rubutun Zube

A shekarar 1896 ya koma Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, inda mutanen Salga da yawa suka sake kafa zango, garin kuma yana ƙarƙashin Jamusawan Togo. A nan ya zama limami, ya kafa makaranta, almajirai suka riƙa zuwa daga sassan ƙasar da ake kira Gana a yau. A nan ya wallafa waƙoƙinsa kan zuwan Turawa, biyu da Larabci a wajen 1899 da 1900, sai Waƙar Nasara da Hausa a 1903. Yana da Waƙar Talauci da Wadata, da waƙa kan annobar murar 1918, ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, fassarar da R. S. Rattray ya buga wani ɓangare nata a 1934.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu nazarin zube shi ne aikinsa da Adam Mischlich, jami'in Jamus da ya riƙe Kete-Karaci, wanda ya wallafa ƙamusun Hausa a 1906. Umaru ya rubuta masa da Ajami bayanai masu yawa kan tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'i da noma da aure da sarauta. Mischlich ya buga wasu tsakanin 1907 da 1909, sauran suka koma hannun Heinz Sölken, wanda ya fitar da tarihin Kabi daga cikinsu. Douglas Ferguson ya fassara kaso mai yawa zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na uku a 1973, Stanisław Piłaszewicz kuma ya buga wasu da Hausarsu a shekarar 2000.

A nan rubuce-rubucen Umaru suka rabu gida biyu. Waɗanda ya rubuta wa Bature sun tafi Jamus, aka adana su. Waƙoƙinsa kuwa sun rayu ne a hannun almajirai, ana juya su daga zango zuwa zango, kowane mai juyawa da karin harshensa da yadda ya saba rubuta haruffan da babu su a Larabci, irin su ɓ da ɗ da ts da c, waɗanda Ajami bai tsayar musu da ƙa'ida guda ba. Idan manazarci ya ci karo da wata kalma ko lafazi a cikin waƙa yana son kafa hujja da ita kan Hausar Bakano mai tushen Kabi a ƙarshen ƙarni na 19, dole ya fara sanin hannun wa ke gabansa. In na almajiri ne da ya tashi a Gwanja, to shaidar ta Hausar zango ce, tana da darajarta, amma tambayar da take amsawa dabam ce.

6.0 Abin da Kauri ke Nunawa

Akwai hanyoyi biyu na karanta hannu, kuma bai kamata a gwama su ba. Ta farko ita ce duban hali ta rubutu, wadda wani limamin coci Bafaranshe, Jean-Hippolyte Michon, ya yaɗa a shekarun 1870. Mabiya wannan hanya suna cewa layi mai kauri, wanda tawada ta cika shi, alama ce ta mutum mai son jin daɗi da biye wa sha'awa, siririn layi kuma na mai kamun kai ne. Gwaje-gwajen masana halayyar ɗan'adam ba su gaskata wannan da'awa ba, makarantar allo ma kaɗai ta isa ta rushe ta. A tsangaya guda za a sami gardawa hamsin masu hali hamsin, amma hannunsu duk mai kauri, domin yankan alƙalaminsu ɗaya ne, malaminsu ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce ta gano marubuci da zamani da wuri daga alamun da ke jikin takarda, kuma a nan masu nazarin zanen fenti sun riga mu nisa. Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan da aka haifa a 1853, shekara biyar kafin Umaru, ya shahara da shafa fenti da kauri har sawun burushi ya tashi a jikin ƙyalle, kuma a zamansa na Arles a 1888 ya riƙa feƙe alƙalamin kara yana zane da shi. Da aka gurfanar da dillalin zane Otto Wacker a Balin a 1932 kan sayar da jabun zanen van Gogh, kauri bai raba gardama ba, domin mai jabun ma ya iya lafta fenti. An koma ga binciken sinadaran fentin da hoton da ke ratsa shi ya nuna yadda aka jera shafe-shafen. Abin da ya fi fitowa fili a hannun gwani shi ne ya fi sauƙin kwaikwayo.

Haka yake ga almajirin da ya shekara goma yana kwaikwayon hannun malaminsa. Kauri zai gaya mana makarantar da takarda ta fito, ya kuma nuna ko da alƙalamin kara aka rubuta ta ko da na ƙarfe, wanda ya shigo tare da littafin rubutu mai layi a zamanin Turawa. Gano mutum ɗaya a cikin makarantar kuwa sai an duba ƙananan abubuwan da hannu ke yi ba da niyya ba: karkatar bakin alƙalami, da yadda wutsiyar nun da ya ke saukowa ƙasan layi, da inda ake ɗaga alƙalami a tsakiyar kalma, da tazarar da ke tsakanin tsomawa da tsomawa, wadda ake gane ta daga inda tawada ta taru da inda ta kusa ƙafewa. Gyara ma shaida ne. Mawallafi yakan soke kalma ya musanya ta da wata mai ma'ana kusa, mai juyawa kuwa kuskurensa na ido ne, ya tsallake layi saboda kalmomi biyu sun yi kama, ya dawo ya cike a gefe. Sai kuma tambarin takarda, da bayanin rufewa inda mai juyawa kan ambaci sunansa da ranar da ya gama.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa da Makomar Takardunsa

Umaru ya tafi aikin hajji a 1913. Kafin ya komo mulkin Jamus ya faɗi a Togo a 1914, Kete-Karaci ta koma hannun Ingilishi. Ya ci gaba da limanci da koyarwa da wallafa har ya rasu a garin a shekarar 1934, yana da kimanin shekara saba'in da shida. Bayan shekara talatin da rasuwarsa, madatsar ruwan Akosombo da aka kammala a 1965 ta haifar da tafkin Bolta, tsohon garin Kete-Karaci ya nutse, aka mayar da mutanensa sabon matsuguni.

A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, da himmar Ivor Wilks da Thomas Hodgkin da Alhaji Usmanu Boyo, ta shiga tattara rubuce-rubucen Larabci da Ajami. Akan aro takardu daga masu su, a ɗauki hotonsu, a mayar. Wannan aiki ya ceci matanin waƙoƙin Umaru da dama, kuma da shi aka dogara wajen jera ayyukansa a kundin John Hunwick na 2003. Sai dai hoton baƙi da fari yana haɗe jan wasali da baƙin harafi, yana ƙara wa layi kauri ko ya cinye siririnsa, ba ya kuma nuna tambarin takarda. Kalmomin sun tsira, amma wani ɓangare na shaidar hannu ya tsaya a jikin takardun asali.

8.0 Kammalawa

Rayuwar Alhaji Umaru ta ratsa yaƙin basasa da mulkin Turawa iri biyu, garin da ya rasu a cikinsa kuma yana ƙarƙashin ruwa, amma abin da ya rubuta ya wanzu saboda ya fito daga tsarin da ke horar da hannu kamar yadda yake horar da harda. Kaurin wannan hannu bai gushe ba ko da injin ɗab'i ya zo, domin a ƙarni na 20 Alƙur'anan da aka buga daga rubutun hannun marubutan Kano, irin su Sharif Bala Gabari, su ne almajirai suka fi karɓa.

Darasin ya shafi ƙasar Zamfara, inda Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi kafin jihadi, inda kuma gidajen malamai da alƙalai a Gusau da Tsafe da Bungudu ke riƙe da Alƙur'anai da waƙoƙi da wasiƙu na rubutun hannu. Rashin tsaro na shekarun nan ya tayar da ƙauyuka da yawa a waɗannan yankuna, mai gudun ceton rai kuwa ba kasafai yake tsayawa ɗaukar kundi ba. Ya kamata sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Tarayya ta Gusau, su haɗa hannu da Gidan Arewa na Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato wajen ɗaukar hoton waɗannan takardu da launinsu, da ma'auni a gefe don a san ainihin faɗin layi, da haske ta baya don tambarin takarda ya fito. A kuma rubuta daga bakin masu su sunan wanda ya rubuta kowace takarda da wurin da ya yi karatu, tun dattawan da ke iya duban shafi su ce wannan hannun wane ne suna raye.